Faifai na Uku da Hamma Bai Fassara Ba

Ni ne na yi laifi, ba Hamma ba. Gara in faɗi haka tun farko, domin na daɗe ina ba da labarin nan ta yadda mai sauraro zai yi dariya ya ce ai abin bai kai ya kawo ba. Ya kai, kuma shi bai yi mini komai ba.

Hamma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ɗan fari. Da mahaifinmu ya rasu sai ya ajiye makaranta ya shiga garejin gyaran babura a Bolari, ni kuma na ci gaba har na gama sakandare. Iyakar karatuna ke nan, amma a gidanmu ya isa a kira ni ɗan boko. Daga baya ya buɗe nasa garejin, ya koma gyaran kekuna masu ƙafa uku da inji da suka cika gari, ya yi aure, ya kama gida a Manawashi. Ya ɗauko mahaifiyarmu Dada ya ba ta ɗakin da ya fi shan iska. Ni ina ɗakin da ke kusa da zaure.

Dada Bafillatana ce ta da. Ba ta taɓa kiran sunan Hamma ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta hira da shi. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta taso ta gani. Da safe yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In tana son wani abu sai ta gaya wa matarsa, wadda muke kira Adda, ko ta gaya mini. Ni kuwa auta, har kan gadonta nake zama muna cin gyaɗa. Ban taɓa tunanin akwai abin da ya rasa ba.

Fim ɗin ya shigo gidanmu ta hannun wani direban babbar mota da ya kawo wa Hamma gyaran babur ɗin ɗansa. Faifai biyu ne a cikin leda, ba kwali ba hoto. Mutanen ciki ba Indiyawa ba ne, ba kuma masu faɗan tsalle-tsalle da muka saba gani ba ne. Wata ƙasa ce mai duwatsu da ruwan sama, suna wani yare da babu wanda ya taɓa ji a unguwarmu, babu kuma rubutun Turanci a ƙasa. Mutum biyu ne masu fito da mutane a kwale-kwale, ɗaya magidanci ɗaya saurayi, sai wata tsohuwa da ke dafa abinci a bakin kogi. A faifai na farko ambaliya ta tafi da kwale-kwalen. A na biyu saurayin ya tafi birni, babban ya zauna yana sassaƙa wani. Ya ƙare saurayin yana tsaye a tashar jirgin ƙasa da jaka a hannu, ba a san ko gaba zai yi ko gida ba. Kowa ya ga alama akwai na uku. Direban ya ce in ya samu zai kawo.

Hamma ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma shi yake fassara mana.

Ranar Juma'a bayan la'asar ake yi. In an kawo wuta shi ke nan, in ba a kawo ba a tayar da ƙaramin janareta. A fito da talabijin tsakar gida a ɗora kan benci, a shimfiɗa tabarmi. Hamma ya wanke baƙin mai daga hannunsa da yashi da sabulu, ya zauna a gefen talabijin ɗin, ya rage ƙara yadda muryarsa za ta hau kai. Yana kallon bakin mutum yana zuba masa magana. Ya sa wa magidancin suna Babba, saurayin kuma Ƙarami. Ya ce wa da ƙani ne, ubansu ya mutu ya bar musu kwale-kwale. Kogin ya ce na Dadin Kowa ne. Tsohuwar ya ce uwarsu ce, ya ba ta Fillanci.

"Kai Ƙarami, riƙe igiyar nan da kyau, ba wutsiyar akuya ba ce!"

"To Hamma, ai hannu biyu gare ni, ɗaya yana riƙe da wando."

In an zo wurin da suke cin shinkafa da tsinke sai ya siranta murya: "Ga hannu Allah ya ba mu, me ya kai mu cin abinci da tsinken tsire?" Yara su faɗi kan juna don dariya, ko da yake sun ji wannan maganar ba adadi. Sun haddace komai. In ya canza kalma ɗaya sai su yi caa: "Baba, ba haka yake cewa ba!" Matan maƙwabta ma sukan shigo da kujerunsu.

Mutumin nan a gareji sai ya wuni bai yi magana goma ba. In ka kai masa keke, ya saurari inji, ya ce "kabireta ce," shi ke nan.

Akwai wuri ɗaya a faifai na biyu da maganar ba ta taɓa zama iri ɗaya ba, yara kuma ba sa gyara masa. Wurin da Babba yake tsugunawa kusa da murhun tsohuwar, su daɗe suna magana. A nan Hamma yakan juya Fillanci gaba ɗaya, ya sassauta murya. Babba ya tambayi tsohuwar ya ƙafa, ko man shafawar ya yi amfani, ko sauro ya hana ta barci. Amma ba ya sa wa tsohuwar amsa a baki. Dada, daga kan tabarmarta, idonta na kan talabijin, sai ta amsa.

"Ƙafa da sauƙi. A gaya masa man nan wari ya yi yawa, kada a ƙara kawo shi."

"To Inna, za a canza."

"A gaya masa kuma ya riƙa cin abinci kafin ya fita. Ya rame."

Adda takan sunkuyar da kai tana tsintar wake. Ni ina gani, na san abin da ake yi. Kowa ya sani. Haka kuma kowa ya san Hamma ba ya jin yaren, ba wanda ya taɓa faɗa.

A lokacin ina aikin kula da sito a wani shagon kayan gini, ina kuma neman wata yarinya da gidansu ke GRA. Mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Yayanta ya karɓe ni hannu biyu, ba zan ɗora masa komai ba. Fina-finan Turanci yake kallo, ni ma na koyi cewa su nake so. Wata rana a falonsu ya sa wani, ina kallo sai na ji kamar na taɓa zuwa wurin. Kogi ne, amma na ƙasar Turawa, jirgin kuma mai inji. Ga ambaliya, ga tashar jirgin ƙasa, ga jaka a hannu. Na ce masa na san wannan labarin. Ya ce ai daga wani fim na wata ƙasa mai kashi uku aka ɗauko shi, Turawa suka dunƙule shi wuri guda.

A na Turawan mutanen biyu ba 'yan'uwa ba ne, maigida ne da yaronsa. Tsohuwar ba uwar kowa ba ce, mai sayar da abinci ce. A ƙarshe yaron ya dawo daga birni da mutanen wani kamfani, suka karɓe mashigin, maigidan ya mutu a cikin jirginsa. Na fito daga gidan ina jin kamar na tsinci wani abu mai daraja. Na ari faifan na ajiye a ɗakina, ban nuna wa kowa ba.

Cikin azumin shekarar direban ya cika alkawari. Hamma ya dawo gida da faifai na uku naɗe cikin hankici a aljihun gaba. Ya ce ba zai kalla shi kaɗai ba, sai washegarin Sallah, kowa da kowa.

"To ta yaya za ka fassara abin da ba ka gani ba?" in ji Adda.

"Ai na san su," ya ce.

Dada ta aiko jikarta ta tambayi ko gaskiya ne yaron nan na tasha za a ga inda ya nufa. Aka ce mata gaskiya ne.

Washegarin Sallah yayan yarinyar ya zo gaishe da Dada, cikin farar shadda, ƙamshi na tashi. Ya iske an fito da benci da tabarmi, maƙwabta sun cika tsakar gida. Hamma ya ce baƙo ya zauna a yi da shi, aka kawo masa kujerar roba da cincin. Hamma ya ce za a fara da ƙarshen na biyu don a tuna inda aka tsaya. Aka sa. Ya zauna a gefe, ya rage ƙara, ya fara.

Ni ban ji dariyar da ake yi ba. Takalmin baƙon nake kallo, da zaren janareta da aka ƙulla da leda, da baƙin da ya ƙi fita daga faratan Hamma. Aka zo wurin murhu. Babba ya tsuguna ya tambayi ƙafa. Dada ta amsa, ta ƙara da cewa a gaya masa rigar Sallar ta yi masa kyau. Baƙon ya karkato ya tambaye ni a hankali, da Turanci, ko yayana yana jin yaren mutanen nan ne. Tambaya ce kawai. Da na ce masa wasa muke yi, da ya wuce.

Sai na miƙe.

"Ina fa! Hamma ba ya jin komai, ƙirƙira yake yi," na ce da ƙarfi, ina dariya. "Ni na ga na gaskiyar. Waɗannan ba wa da ƙani ba ne, maigida ne da yaronsa."

Yara suka juyo suna kallona. Hamma bai juyo ba.

"Tsohuwar fa?" in ji Dada. Ni take tambaya, ni tana iya kallona.

"Mai sayar da abinci ce, Dada. Ba uwarsa ba ce." Na ga baƙon yana murmushi, sai na ƙara. "Ke ma ai ba da talabijin kike magana ba, da Hamma kike hira. Mutum da ɗan farinsa, kowace Juma'a!"

Wata maƙwabciya ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Dada ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Ta dafa bango ta tashi a hankali saboda ƙafar, ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Ban tsaya nan ba, wannan ma sai na faɗa. Na shiga ɗakina na ɗauko na Turawan, na ce bari kowa ya ga yadda labarin yake. Hamma ya tashi daga gefen talabijin ya ba ni wurin.

"To, ɗan boko ya faɗi gaskiya," ya ce. "Bismillah."

Ya ɗauki faifai na uku daga kan benci, ya mayar cikin hankici, ya sa a aljihu. Ya zauna a tabarma tare da yara. Na fassara musu na Turawan daga farko har ƙarshe, daidai gwargwadon Turancina. Ba wanda ya yi dariya, don babu abin dariya a ciki. Matan maƙwabta suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Hamma ya zauna har maigidan ya mutu a jirginsa. Da aka gama ya ce injin jirgin nasu mai kyau ne, ya tashi ya yi alwalar magariba.

Juma'ar da ta biyo ba a fito da benci ba. Yara suka tambaya, ya ce ya gaji. Wadda ta biyo ya ce akwai aiki a gareji. Daga nan suka daina tambaya. Ba da daɗewa ba fina-finan Indiya masu fassarar Hausa suka cika gari, sannan waya ta zo, kowa ya koma kallon tafin hannunsa.

Bai yi fushi da ni ba, ko kuwa bai nuna ba. Shi ya shige gaba wajen aurena da yarinyar nan, shi ya karɓa mini auren, shi ya ɗauko gadon a bayan keke ya kai gidan da na kama. Gaisuwar safe ta ci gaba tsakaninsa da Dada, shi a bakin ƙofa, ita tana kallon bango. In ƙafar ta tashi sai ta gaya wa Adda, Adda ta gaya masa, ya sayo magani ya ba Adda. Ba wanda ya ƙara gaya masa ya rame.

Dada ta rasu bayan 'yan shekaru, da damina. Ni na shiga kabari tare da Hamma muka karɓe ta. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Na lura dai ƙasar ta jiƙe, tana manne wa ƙafa. A zaman makoki Adda ta same ni a zaure, ta ce akwai abin da take so in sani, ba don ta ɓata mini rai ba. Ta ce a kwanakin ƙarshe Dada ta tambaye ta ko yaron nan na tasha ya koma gida. Adda ta ce mata ba ta sani ba, ba a kalla ba. Dada ta ce to.

Na ce Allah ya jiƙanta. Na koma cikin maza na ci gaba da karɓar gaisuwa.

Wata rana kuma, muna hira da surukina, yayan matata, a kan wani fim daban, ya ce ai Turawa in suka ɗauki fim ɗin wasu sukan canza rabinsa, su mai da uwa maƙwabciya, su kashe wanda bai mutu ba. Yana faɗa yana danna waya. Ashe ko gaskiyar da na tashi na faɗa a tsakar gida ban tabbatar da ita ba. Watakila wa da ƙani ne, watakila ba su ba ne. An ce yanzu a waya ana iya nemo kowane fim da fassararsa. Ban nema ba. Ko sunansa ban sani ba, kuma ba na so in sani.

Duk da haka na ci gaba da ba da labarin a majalisa, ina kwaikwayon muryar Hamma da wutsiyar akuya, ana dariya. Wurin Dada nakan tsallake.

Bara Hamma ya faɗi a gareji yana cikin kwance taya. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Yana ji, yana ganewa, amma in ya buɗe baki sai sauti ɗaya ya fito. Babban ɗansa ya karɓi garejin. Nakan je Manawashi duk Juma'a bayan masallaci, in zauna kusa da kujerarsa a tsakar gida, in ba shi labarin gari, tsadar mai, wanda ya yi aure, wanda ya rasu. Yakan gyaɗa kai. In la'asar ta yi in tafi. Haka muka yi watanni.

Wata Juma'a Adda ta fito da hankici ta ajiye a cinyata. Ta ce tana shanya kayansa ta gan shi a ƙasan akwati, ƙarƙashin babbar riga. Na buɗe, faifai na uku ne. Hamma yana kallon hannuna.

Bidiyon gidan ya daɗe da mutuwa. Na je Bolari wajen wani mai gyaran rediyo, ya tono mini ɗaya daga cikin tarkace, ya hure ƙura, ya ce in ya yi aiki in dawo masa da shi, in bai yi ba in jefar. Juma'ar da ta biyo muka fito da talabijin muka ɗora kan benci. Ba yara, sun girma sun watse. Ba maƙwabta. Ni da Hamma da Adda. An kulle ɗakin Dada, buhunan masara ne a ciki.

Faifan ya kama. Ga tashar, ga saurayin da jakarsa, bai tsufa ba ko kaɗan. Wani mutum ya zo ya yi masa magana da yaren nan nasu. Ba wanda ya fassara.

"To ɗan boko," in ji Adda, "ga wuri."

Na ja kujera zuwa gefen talabijin, na rage ƙara. Saurayin ya shiga jirgi. Ya sauka a wata ƙaramar tasha cikin ruwan sama, ya kama wata hanya tsakanin gonaki. Na fara shirya abin da zan sa a bakinsa in ya isa kogi. Zai tsuguna ya ce Hamma kaza da kaza, ni kuma ina kallon talabijin, ba sai na kalli kowa ba. Na ga hanyar tana da sauƙi. Hanyarsa ce, wadda na toshe masa, ga ni zan bi ta.

Sai hoton ya tsaya. Saurayin ya daskare a tsakiyar hanya, ƙafa ɗaya a sama, fuskarsa ta farfashe gida-gida. Na fitar da faifan na goge da bakin riga na mayar. Ya sake tsayawa a wurin. Na sake, haka. Adda ta ce bari ta duba tukunya, ta shige kicin ta ja ƙofa.

Na kashe talabijin ɗin. Na taso daga gefe na zo gabansa na durƙusa, yadda yake durƙusa wa Dada, sai dai ni na kalli fuskarsa. Gefen bakinsa ya jiƙe, na sa hankicin na goge masa.

"Hamma," na ce, "ranar nan ta bayan Sallah, ba gaskiya nake nema ba. Kunyarka na ji a gaban baƙo, kai da ka bar makaranta don ni in yi. Na san da wa Dada take magana, na san ba ku da wani wuri sai nan, na sani na faɗa. Ni na raba ku, har ta tafi. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ka yafe mini, Hamma, don Allah."